Kunnuwa Shida a Jitar Inna

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ga jitar Inna nan na aiko shagonka. Mai situdiyo ya ce akwai wani gurnani a ƙarƙashin kiɗana, in ban kawo ta tsaf ranar Asabar ba, wata zai ba gurbina. Tun rasuwar Inna nake jiran wannan dama. Ka taimaka.

'Yarka,
Auta

Auta,

Ina amsawa, ina gaida ki. Jita ta iso.

Akwatin da kike jona ta da shi irin na kowa ne: tsirkiya shida, waya ɗaya, ya zuba su tukunya guda ya dama. In ɗaya ta yi tari, duka shidan ake kaiwa asibiti. Ni sai na sa mata kunnuwa shida, kowace tsirkiya da kunnenta, da wayarta, da lasifikarta. A ba wannan amsa-kuwwa, a ba waccan kaushi, ba mai shiga gonar wata. Ɓarawo a taro yake ɓuya. A jera mutane ɗai-ɗai, ki ga ido ya raina fata.

Biyar lafiyarsu lau. Ta shida ce, mai kaurin nan. Na ce tsatsa ce, na kwance ta ɗungurungum na jefa a aljihun tebur. Da hantsi, ƙofa a buɗe, maƙwabcina mai walda yana ta ƙararsa, na ɗan taɓa biyar ɗin da suka rage. Yatsana ya kauce. Lasifika ta shida ta buga sau biyu. Dum, dum.

Na sake kaucewa da gangan. Ta sake.

Kin san wa ke miƙo hannu ta buga wannan tsirkiya in mutum ya yi kuskure. Ni Yaya, Innarki, ta fara yi wa, tun ba a haife ki ba.

Maɓalli ɗaya zai kashe layin, mai situdiyo ya sami abin da yake so. Amma uwarki ce, ke za ki faɗa.

Ki huta lafiya,
Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Sau uku na karanta. Shekara goma sha ɗaya ina koyo a gabanta, ban taɓa kai ƙarshen waƙa ba ta tsayar da ni ba. Allah ya ji ƙanta, amma Asabar tawa ce. Kashe.

Na gode,
Auta

Auta,

Gaisuwa a tsaitsaye. Na kashe ta shida, ta koma ta biyar. Na kashe ta biyar, ta koma ta huɗu. Yaya dai, ko da rai ba a cin ta da gardama.

Yanzu saura siririyar nan guda ɗaya, kuma na janye hannuna. Ban san inda za ta koma bayan ita ba, ni kaɗai ne kuwa a shagon.

Ki zo da kanki ki ɗauki kayanki.

Allah ya kawo ki lafiya,
Kawunki