Ko In Faɗa wa Kwamitin Gaskiya Game da Yaranmu?

Anti Kubura, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure kuma lokaci ya ƙure. Na sauya sunaye.

Ni malamar firamare ce a Enugu, a nan aka haife ni, mijina mahauci ne a kasuwar Ogbete. Wani kwamiti daga Abuja yana zagaya ƙasa yana jin ta bakin malamai kan matsalolin ilimi da ya kamata masu bincike su sa a gaba. An ce duk abin da ba a ɗauka yanzu ba, sai bayan shekaru za a waiwaye shi. Shugabar makarantarmu ta sa ni cikin masu magana, don ni kaɗai ce Bahaushiya.

Ga abin da ke cina. Mu nan da zarar gari ya yi zafi, ko zaɓe ya matso, ko wata jita-jita ta ratsa kasuwa, sai a loda yara a motar da ta sauke albasa a tura su Arewa wurin dangi. Ba sallama da makaranta, ba takarda. Kafin a dawo da su zango ya wuce. 'Yata Mu'minat ta kai shekara sha ɗaya, tana jin Hausa da Igbo da Turancin buroka, za ta yi ciniki da kowa ta yi masa wayo, amma ba ta iya karanta layi ɗaya da ko wanne. Kuma wai ni malama ce, abin yana ƙona mini rai. A can Arewa Mu'minat 'yar Kudu ce, a ajiye ta a bayan aji, a nan kuma baƙuwa. Ba wanda ya taɓa bincike a kan irinsu, kowane yanki yana ganin na ɗayan ne.

To surukina Bappa Gimba babba ne cikin mahauta. Su al'adarsu, duk wanda ya zo da tambaya a ba shi tsire da lemo, a ce masa lafiya lau muke. Da ya ji zan yi magana, ya aiko mijina ya gaya mini cewa ranar da aka san yawan yaranmu da lungunan da muke kwana, ba mai bincike kaɗai zai sani ba. Ba zan ƙaryata shi ba, ya ga abin da ban gani ba. Tun daga nan mata sun fara janye yaransu daga lesin da nake yi a gida. Na gaishe da Bappa, ya amsa a taƙaice, bai tambayi jikoki ba. Jiya kuma na ji mijina yana magana da direban albasa, don zaɓe ya kusa. Tsoro nake ji. In yi magana in rasa zaman gidana, ko in yi shiru a sake loda Mu'minat?

Malama mai fargaba, Enugu

Ƙanwata, tsoron Bappa ba shirme ba ne, kada ki raina shi. Amma lafiya lau ɗin da ake ta faɗa wa baƙi ita ta sa ba wanda ya san da Mu'minat.

Ki je ki same shi da kanki, ki durƙusa ki gaishe shi yadda ya kamata, mijinki yana wurin. Ki yi masa alkawari ba za ki ambaci adadi ba, ba sunan unguwa, ba sunan kowa, kuma ki cika. Kwamitin tambaya yake nema, ba ƙidaya ba.

Sannan kada ki kai maganar da sunan Hausawa. 'Yan kasuwar Igbo da ke Kano su ma suna cika motoci da yaransu idan zaɓe ya zo. Ki nemi malama a makarantarku mai dangi a can, ku miƙe tare ku tambaya: me ke faruwa da karatun yaron da tsoro ke kaiwa yana komowa? Wannan damuwar ƙasa ce baki ɗaya, ba ta nuna ƙofar gidan kowa ba. Idan duk da haka Bappa ya ƙi, kada ki yi fito-na-fito da shi. Abokiyar aikinki ta yi maganar, ke ki zauna a gefenta.

Amma ki sani, bincike yana ɗaukar shekaru, direban albasa kuwa ba zai jira shi ba. Daga yau ki zaunar da Mu'minat ki koya mata karatu da Hausa, harshen da take jinki da shi. Idan motar ta zo, ta hau da abin da ba za a sauke mata a hanya ba.

Allah ya tsare ku, ya sa a yi zaɓen nan yaranku suna cikin aji.

Anti Kubura