Tagwaye a Fayil Ɗaya

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da injinanka. Tunda waya ba ta shiga a dajin da kuke shimfiɗa titi, na ba direbanku wannan takarda. Ka wanke hannu kafin ka buɗe, na san ka da baƙin mai.

An dakatar da ni daga aiki. Zauna tukuna ka ji.

Ka san ni ke kula da bayanan majinyata a kwamfutar asibitinmu. An sayo sabuwar manhaja, kuma ba za a fara aiki da ita ba sai na gwada na sa hannu. Tana da wata dabara: in ta ga fayil biyu masu ranar haihuwa ɗaya, uwa ɗaya, adireshi ɗaya, sunayen kuma sun yi kama, sai ta ɗauka mutum ɗaya aka yi wa rajista sau biyu, ta haɗe su. Yawanci daidai take. Amma da na zuba mata tsofaffin bayanan ɗakin haihuwa, sai na ga tagwaye suna shiga su biyu suna fitowa ɗaya. Ka ga ni da kai da muke tagwaye, da tuni mun zama mutum guda, hawan jininka ya dawo wuyana.

Na sanar da shugaban asibiti. Ya ce an riga an gayyaci manya bikin buɗewa, kamfanin ya tabbatar masa ba matsala, kuma wai tagwaye nawa ake haifa ma? Na ce ba zan sa hannu ba. Washegari na tarar da takardar tuhuma a tebur, wai taurin kai da kawo cikas, in zauna gida har kwamitin ladabtarwa ya zauna. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Kada Inna ta ji.

Ka gaida abokan aikinka.
Yayarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma ga har yanzu kina kiran kanki yaya, alhali ungozoma ta shaida ni na fara leƙo duniya. A bar wannan sai mun haɗu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ki ji ta bakin bakanike. In mai mota ya ce a mayar masa da tsohuwar taya, sau ɗaya nake gaya masa gaskiya, in ya nace in ɗaura, ai motarsa ce. Kina da yara a makaranta, aikin maigidanki kuma yau akwai gobe babu. Ki je ki ba mutumin nan haƙuri, ki sa hannu, ki rubuta damuwarki a gefe. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Tun muna yara haka kike, in kin kafe ko katafila ba ta ture ki.

Wai ina ƙungiyar nan taku ta masana bayanan lafiya, wadda kike zuwa taronta duk shekara ki dawo mana da jaka da biro? Ko sai ranar shan lemo ake ganinta?

Ban gaya wa Inna ba, amma kin san ta, tun ba a ɗora tukunya ba take jin ƙamshi.

Allah Ya kawo mafita.
Yayanki na gaskiya.

*

Ƙanena,

Salamu alaikum, ya aiki, ya rana? Shawararka ta iso, na gode, na kuma ajiye ta inda ba za ta dame ni ba. Mai mota da kansa ya zaɓi tsohuwar taya. Jariri bai zaɓi komai ba.

Sai dai gatsalinka ya yi rana, don shi ya tuna min da ƙungiyar. Na rubuta musu ba tare da na sa rai ba. Kafin la'asar sai ga kiran wata dattijuwa, shugabar kwamitinsu na kare majinyata, mai magana a hankali kamar tana auna magani. Na shirya zazzage mata duk abin da shugabanmu ya yi min. Ba ta ba ni fili ba. Cewa ta yi, "'Yata, bar batun wa ya yi laifi. Koya min yadda zan sa kuskuren ya sake faruwa a gabana." Na koya mata, ta gwada a tata kwamfutar, na ji ta yi salati.

Ashe suna da tsari. In ɗan ƙungiya ya ga abin da zai cutar da majinyaci, sai a aika wa kowa tambaya, ba a faɗin sunansa ko na asibitinsa. Tambayar da suka aika gajeriya ce: duk mai aiki da wannan manhaja ya nemo matan da suka haifi tagwaye, ya duba ko fayil biyu ne a ƙarƙashinsu.

Ƙanena, amsoshi suka yi ta shigowa. A wani asibiti da ya daɗe da fara aiki da ita, an samu fayil ɗin yaro ɗaya mai rukunin jini iri biyu, nauyinsa yana hawa yana sauka kamar guga. Tagwaye ne. Ɗaya yana da sikila, ɗayan ba shi da ita, sakamakon gwajin mai lafiyar ya hau kan na marar lafiyar ya rufe shi. Yanzu suna neman uwar.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna Alhamis. Dattijuwar ta ce za ta zo ta zauna kusa da ni. An ce shugabanmu ya yi dariya ya ce ƙungiya ba ta biyan albashi. Gaskiyarsa ce.

Ka yi min addu'a, ban da wa'azi.
Yayarka.

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Direba ya zo sau biyu hannu rabbana, ni kuwa har na ɗaure kusoshin injin a baibai don tunani. Me ya faru ranar Alhamis? Labarin yaron nan ya tsaya min a rai, na janye maganar taya. Inna ta aiko a tambaye ni dalilin da ya sa ake ganin ki a gida da hantsi. Na ce hutu kike, ta ce a gaya min ita ta haife mu. In korar ki suka yi, ki faɗa min kai tsaye, abin da nake samu zai ishe mu gida biyu.

Yayanki.

*

Ƙanena,

Wa'alaikas salam. Kwantar da hankalinka, na koma aiki. Ka yafe shirun, barci na yi ta ramawa.

Dattijuwar ta zo da 'yar jakarta, ta gaida kowa har masinja. Ba ta kare ni ba, ba ta zargi kowa ba. Ta roƙi a kawo kwamfuta, ta sa shugaban asibiti da hannunsa ya yi wa jarirai biyu na gwaji rajista. Ya danna, suka zama ɗaya. Ya sake, suka sake. Sannan ta ba su labarin yaron, ta ce ƙungiya ta riga ta rubuta wa kamfanin da duk asibitocin da abin ya shafa, kuma ba a ambaci namu ba, don ba a kai ga cutar da kowa a nan ba. Ta dubi shugaban asibitin ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan sa hannun da ba a yi ba, kai ya fara ceta."

Bai ba ni haƙuri ba, kada ka zaci an yi abin mamaki. Ya dai yi gyaran murya ya ce a janye tuhumar, a ɗage bikin, ya tambaye ni yaushe nake ganin za a iya farawa. Na ce sai kamfanin ya gyara na sake gwadawa. Ya ce to.

An samu uwar yaran. Ta kawo su, an raba musu fayil, an ɗora mai sikilar a kan magani. Da dattijuwar ta gaya min a bakin ƙofa, kuka na fashe da shi a gaban masu gadi, ban ji kunya ba. Na je na faɗa wa Inna komai. Ta yi min faɗan ɓoye mata, sannan ta sa min albarka.

Tayin gida biyu ya shiga raina. Allah Ya bar zumunci.
Yayarka.

*

Ƙanena,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira. Kamfanin ya gyara, na gwada har na gaji, na sa hannu. Jiya aka fara aiki da manhajar. Da safiyar yau ungozoma ta kira ni daga ɗakin haihuwa, wata ta sauka lafiya, mace da namiji. Na bar shayina na gangara da gudu, na tsaya a bayanta tana shigar da su.

Fayil biyu suka fito.

Sai ka zo.
Yayarka.