Takardar da ke Shafi na Casa'in

Zuwa ga Dogo magini,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan iyali lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Littafin da ka ara mini ya iso, tsohon labarin nan na abokai biyu da muka karanta muna 'yan aji ɗaya. Ɗaliban da nake koyarwa a gida sun tambaye ni dalilin da ya sa igiya ke ta dawowa a cikinsa. Na ƙirga, sau huɗu: ta guga, ta shanya, ta ɗaurin kaya, sai wadda ƙaramin ya ɗaure babban da ita a kan gado lokacin da zazzaɓi ya gusar masa da hankali. Kullum da amana nake fassara ta.

Amma a shafi na casa'in na tarar da takarda a ninke. Daftarin wasiƙar nan ne marar sa hannu da aka aika wa hukuma, wadda ta sa aka rufe makarantata, aka sauke ni daga hedimasta shekara ashirin da suka wuce. Rubutunka ne, Dogo. Don Allah ka ce idona ne.

Ka huta lafiya,
Malam

Malam,

Salamu alaikum. Ƙafa da sauƙi.

Idonka lafiya lau, ni na rubuta. Na manta tana ciki, amma ban yi nadama ba.

Sau uku na nuna maka tsagar bangon aji biyu. Na zura hannuna ciki har wuyan hannu, kana kallo. Ka ce in bari a gama jarrabawa, ka ce magini ba ya ganin komai sai aiki. Taurin kanka kuwa tun muna yara na san shi.

Ka sake duba igiya ta huɗu. Babban ya zagi ƙaramin, ya tofa masa yawu, shi kuwa bai kwance shi ba. Kai malami ne, ka fi ni sanin ma'ana. Ni dai abin da na gani ke nan.

Laifina ɗaya, kuma yana cina: shekara ashirin kana tsine wa marubucin a gabana, ina ce maka amin.

In ka yanke ni, ban ga laifinka ba. Gaida uwargida.
Dogo

Dogo,

Wa alaikumus salam.

Na binciko tsohuwar rajista. 'Yata tana aji biyu a shekarar. A jikin bangon nan take zama.

Ban yafe ba tukuna. Ka zo ranar Asabar, ka faɗa mini da bakinka.

Malam