Kwanonka Yana Dawowa Wayam

Zuwa ga Maigidana,

Gaisuwa a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Na san babu direban da zai kai maka wannan takarda, ba kuwa za ka taɓa karanta ta ba. Duk da haka sai na rubuta, don akwai maganar da take cina tun ranar da muka binne ka.

Labarin gida tukuna. Dawar da ka bari a tsaye, matasan majami'a sun yi gayya sun girbe ta, tana rumbu. Akuyarka mai taurin kai ta haihu, halinta kuma yana nan. 'Yarmu Rahila ta koma ɗakinta a Makarfi. Wurin zamanka a bencin gaba har yau ba wanda ya iya zama a kai.

To, yanzu ka saurare ni.

Ranar da ka faɗi a bakin gona aka kai ka asibiti a Zariya, likita ya ja ni gefe ya tambaye ni yaya cin abincinka. Na ce lafiya ƙalau, har ina bugun ƙirji ina alfahari. Na ce kwanonka tas yake dawo mini, ko loma ba ka ragewa. Ya yi mini wani irin kallo, ya ce gyambon da ya fashe a cikinka ba na jiya ba ne, mai irinsa ba ya iya cinye malmalar tuwo, balle da yaji. Haushinsa na ji a lokacin. Ashe shi ke da gaskiya.

Ka san yadda unguwarmu take. Da magariba a fitar wa kowane magidanci da tuwonsa ƙofar gida, ku haɗu a tabarma ɗaya ku yi ciyayya, kai da Dattijo Bulus na majami'armu da maƙwabcinmu Malam Audu idan ya idar da sallarsa. Mu mata muna ciki. Ba mu ganin bakin mai ci, kwanon da ya dawo kawai muke gani. Shekara da shekaru kwanon nan shi yake ba ni labarin lafiyarka.

A zaman makoki Malam Audu ya shigo gaisuwa. Garin yabona sai bakinsa ya suɓuce. Wai za su yi kewar miyar kukata, don tun farkon damina shi da Dattijo ke raba tuwonka, kai kuwa sai ka tsoma yatsa a miya ka ce ka ƙoshi. Da ya ga fuskata sai tari ya kama shi. Dattijo Bulus ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Tun ranar ban ƙara yarda da komai ba. Azumin nan da ka yawaita, wai kana roƙo domin ikkilisiya, azumi ne ko tsoron abinci? Keken da ka jingine ka koma zuwa gona a ƙasa, ka ce a rediyo ka ji motsa jiki yana da amfani, haka ne ko jiri ke ɗibanka a kansa? Ni har yabonka na yi a zumuntar mata, na ce su tura mazansu su yi koyi da kai. Kanwata da ta riƙa ƙarewa da wuri, na yi ta faɗa da yaran maƙwabta, kana zaune kana ji. Ba kai kake jiƙawa kana sha don ciki ya lafa ba? Lahadi kuma, ranar da Allah ya ba mu mu huta, ita ce ranar da ka fi wahala: daga sujada ka miƙi hanyar Kurmin Kogi gai da marasa lafiya, kai da ka fi su ciwo.

Na tsare Dattijo na tambaye shi. Wai kai ka roƙe su kada su faɗa mini, wai namiji ba ya kai ƙarar cikinsa wurin mace. Wataƙila haka ne. Amma mutumin da rabonsa ya ƙaru kowace yamma, yaushe zai yi saurin magana? Allah ya gafarta mini wannan zato, amma ina yin sa, ko a sujada idan na gan shi yana raba jibin Ubangiji.

Maigida, ba kai kake tsayawa gaban jama'a kana koya mana cewa jikin nan haikali ne, amana ce aka ba mu ba? Ba kai ka ce Ubangiji da kansa ya ji yunwa ya ci, ya gaji ya kwanta a jirgi ya yi barcinsa ana hadari ba? Wa ya gaya maka ka fi shi ƙarfi? A ganina, wanda ya gina jikin nan shi ya sa yunwa da gajiya da ciwo su riƙa zuwa suna sallama a ƙofa. Kai kuwa duk wanda ya yi sallama sai ka sa a ce ba ka nan, ka kira wannan bangaskiya. Fasto ya ce lokacinka ne ya yi. Ban yi masa musu ba, amma ban ce amin da ƙarfi ba.

Ban taɓa faɗa maka magana irin wannan kana da rai ba, yau zan faɗa: ina fushi da kai. Ina kewarka kamar raina zai fita, kuma ina fushi da kai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗanka Iliya ya gaji wurinka a tabarmar ciyayya. Da safe gona, da rana acaɓa a kasuwar Ikara, da yamma koyon waƙa a majami'a, ba ya zama. Ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Kanwata ta soma raguwa kuma. Na tambayi matarsa Saratu yaya cinsa, ta ce mini lafiya ƙalau, Mama, kwanonsa tas yake dawowa. Kalmomina ne, waɗanda na faɗa wa likita.

Jiya na tare Saratu a zaure da kwano a hannunta, na ce ta mayar tsakar gida. Iliya ya shigo ransa a ɓace, wai zan sa a yi masa dariya, magidanci guda a ce yana ci a gaban uwarsa. Na ce a yi dariyar, na ji wadda ta fi ta zafi. Na shimfiɗa tabarma na zauna ina fuskantarsa. Ya yi 'yan lomomi, sai ya tsaya, ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa, daidai inda kake sa hannu ka ce riga kake gyarawa. Ya ɗago ido muka dubi juna.

Makullin babur ɗinsa yana ɗaure a bakin zanena yanzu haka. Gobe da safe asibiti za mu, ko yana so ko ba ya so. Su Dattijo su ci nasu tuwon.

Kwanon jiya na ɗauke shi da kaina, da tuwo fiye da rabi a ciki. Na tsaya ina kallonsa ina kuka, ina kuma gode wa Allah, don shi ne kwano na farko da ya faɗa mini gaskiya a gidan nan.

Ka huta, Maigida, tunda a nan ka ƙi. Sai mun sadu a gaban Ubangiji, kuma ka tanadi amsoshina.

Taka har abada, wadda ta daina yarda da kwano,
Hannatu