Muryata a Makirufon Nura

Daren Talata, Mafara

Kai mai leƙa littafin nan, ka ji tsoron Allah ka rufe.

Yau ɗana Nura ya kunna sabon makirufonsa a ɗaki, mu kuwa muna lugude da maƙwabciyata, ina 'yar waƙata. Ashe abin ya kwashe duka, har tarin da na yi! Yaya ƙarfe ke ji ta bayan bango?

Ya ce, "Inna, wanga kiɗi babu shi cikin littafin koyon jita. Bari in sa shi a waƙata."

Muryar matar aure a wayoyin 'yan kasuwar shanu? Na dai sa ya maimaita mini, don in tabbatar ni ce.

Doka daga yau: ya ɗauki amon taɓarya, amma muryata ba ta wuce zaure.