Ƙararrawar da na saka ta kama surukina

Inna Zahara, don Allah ki agaza mini, kwana biyun nan ko tuwo ba ya mini daɗi.

Ni mai rubuta manhajar ordinatar ne, wato kwamfuta, a nan Tawa. Masu irin sana'ata muna da wata taskar kayan aiki da kowa ke ɗiba daga ciki. A cikinta akwai jeri mai faɗaɗa da tsukewa, inda ake zuba sunaye da lambobi. Aibinsa ɗaya: in ka cire suna daga ƙarshe, gurbin ba ya goguwa, kuma in manhaja ta yi kuskure ta kai hannu can, ba mai tsawata mata. Sai na ƙara wa jerin ƙararrawa, wadda ke tsayar da komai da zarar an taɓa gurbin da aka sallama. Murna kamar in taka rawa.

Na gwada ta a kan manhajar ƙungiyar makiyayan da nake wa aiki, mai tura saƙon ranar rigakafin dabbobi zuwa Affala, Kalfu da Tebaram. Nan take ta kama kuskure. Ashe manhajar tana zarce ƙarshen jeri da gurbi guda, tana aika saƙo ga wanda aka cire. A jerin Tebaram, wanda aka cire Ciɗo ne, wani makiyayi da ya rasu bara. Wayarsa na hannun matarsa. Duk zagayen rigakafi sai a karanta mata cewa Ciɗo ya kawo shanunsa. An ce kuka take yi, tana zaton wani ke mata ba'a.

Inna, wanda ya rubuta wannan sashe na manhajar surukina ne, mahaifin matata. Tsohon malamin lise ne, wato sakandare, yanzu a ƙungiyar yake aiki, shi ya samo mini aikin ma. Kin san kunyarmu ta mutanen Adar. Ko sunansa ba na kamawa, in ya shigo biro inda muke aiki sai in sunkuyar da kai in sulale waje. Da wane baki zan ce ya yi kuskure? In na bar ƙararrawar a kunne, manhaja ta tsaya cak, ba makiyayin da zai samu saƙo, kuma kowa ya ga a kan rubutun wa ta tsaya. In na kashe ta, baiwar Allah ta sake kuka. Na so in gyara a ɓoye, amma kowane gyara da sunan mai yinsa yake fita, shi kuwa kullum sai ya duba. Rigakafi ya matso. Wallahi ji nake kamar an ɗaure ni.

Wanda ya rasa mafita, Tawa

Ɗana, na ji ka, kuma kunyar nan taka ba aibi ba ce. Dattijo ya ba ka ƴa, ya ba ka aiki. Bai cancanci ka kwance masa zani a gaban abokan aiki ba. Amma ka faɗaɗa abin da yawa. Gurbi guda ya zarce, ba kisan kai ya yi ba, kuma malamin da ya tsufa yana gyara kurakuran yara ya san kowa na yi.

Kada ka kashe ƙararrawar, kada kuma ka yi gyaran ɓoye. In ya gano, wannan ne zai fi ƙona masa rai. Lokacin neman aurenka ba kai ka je gabansa ba, wani babba aka tura. To, wannan hanyar tana nan. Ka kwafi manhajar a wata ordinatar daban, ka kunna ƙararrawarka, ka ba kawunka ko wani amininsa ya kai masa gida, da saƙon cewa ka yi sabon abu kana son malam ya duba maka. Zai ga inda ta tsaya da idonsa, ya gyara da hannunsa, mutuncinsa na nan.

Amma yau, ba gobe ba. Surukinka zai ji nauyi na yini ɗaya ya wuce. Matar Ciɗo kuwa, in ka yi shiru, sai ta sake zaman makoki. In an gyara, ka sa a je Tebaram a gaya mata ba wanda ya taɓa yi mata ba'a.

Allah ya ba ka sa'a, ya jiƙan Ciɗo.