'Yata Ta Yi Magana, Ba a Saurare Ta Ba

Zuwa ga shugabar ƙungiyar agajin da ta shirya mana bitar lafiyar masu juna biyu a nan Gombe.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki, ina yi muku barka da tashi daga taro.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa a babbar kasuwar Gombe, gidana kuma yana Barunde. Ina cikin matan da mai unguwa ya tura bitarku. Ni ce na miƙe bayan jawabinki na yi magana mai ɗan tsawo. Tafinta ya juya miki ita cikin numfashi ɗaya, kika yi murmushi, aka ce lokacin abinci ya yi. Wata malamar makaranta da ke zaune kusa da ni ta faɗa mini abin da tafintan ya gaya miki: wai Hajiya ta ji daɗin taro. Ban ce haka ba. Shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan, da Hausa, domin matan da suka zauna a zauren nan su ma su gani. Ke kuma a samo miki wanda zai fassara ta daga farko har ƙarshe.

Na ɗaya. Kin ce abin da ke kashe matanmu wajen haihuwa shi ne jahilci da kunya, ba sa zuwa awo, ba sa faɗin abin da ke damunsu. Akwai gaskiya a ciki. Ni Bafillatana ce, a gidanmu mace na naƙuda tana tuƙa tuwo don kada suruka ta gane. Amma ni da kaina na karya wannan a kan 'ya'yana. Na ce musu ciwo ba abin kunya ba ne, duk wadda ta ji shi ta faɗa da babbar murya.

'Yata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba domin a haka muka tashi, ta yi karatun harhaɗa magunguna. Aure ya kai ta ƙasar da kika ce mana daga can kika fito. Da cikinta ya tsufa, mijinta ya yi mini takardu na je domin in yi mata zaman jego. Na ga asibitinku. Ban taɓa ganin tsabta irin wannan ba, wuta ba ta ɗaukewa, ga na'ura a kan kowane gado. Na ce a raina yarinyar nan ta tsira daga abin da muke tsoro a gida. Ba ta taɓa fashin awo ba. Turancinta kuwa, har su ma sukan tambaye ta inda ta koya.

Ta haihu lafiya, aka sami mace. Washegari da hantsi ta ce mini mararta na murɗawa, jiri na ɗibarta, jinin kuma ya fi yadda ya kamata. Ta danna ƙararrawa, nas ta zo. Ta yi mata bayani dalla-dalla. Nas ta ce ai haihuwar fari ce, haka take. Bayan azahar ta sake kira. Wannan karon matar ta dafa kafaɗarta tana dariya ta faɗi wata magana ta fita. Na tambayi 'yata me ta ce. Ta ce, "Inna, wai mu baƙaƙen mata ƙarfi gare mu, ciwo ba ya kayar da mu." A matsayin yabo ta faɗa. A gadon da ke kusa da namu akwai wata Baturiya, mutuniyar kirki, har ta ɗauki jikata ta yi mata wasa. Bayanta ne ya riƙe, ta faɗa sau ɗaya, likita ya zo ya ja kujera ya zauna. Ba na jin Turanci, amma ina da ido. Na ga wadda ake zaunawa a saurara, na ga wadda ake amsa wa daga bakin ƙofa.

Da la'asar suka kawo takardar sallama. 'Yata ta ƙi sa hannu. Leɓenta ya bushe, muryarta ta yi ƙasa, amma ta dubi nas ɗin ido cikin ido ta ce ba za ta sauka daga gadon nan ba sai likita ya duba ta, kuma a rubuta cewa ta nema an hana. Ni kuma na ajiye jakar da na haɗa, na shimfiɗa mayafina na zauna a ƙasa a bakin ƙofar, duk mai wucewa sai ya kewaye ni. Aka ce muna tayar da hankalin ɗaki. Ana cikin haka 'yata ta yunƙura za ta shiga banɗaki, ta yanke jiki ta faɗi. A nan ne na ga gudun Turawa. Ashe guntun mabiyiya ne ya tsaya a ciki, jini yana ta zuba tun safe. Suka shiga da ita tiyata. Sun ceto ranta, na gode musu, na gode wa Allah. Amma sai da suka cire mahaifar. Yarinyar da ke cewa biyar za ta haifa, ɗayar nan ita ke nan.

To ranki ya daɗe, a cikin wannan labari ina jahilcin yake, ina kunyar?

Na biyu. Ba don a tausaya mana na kawo wannan ba. Da ta warke, 'yata ta kai ƙara. Ta sa kayanta na gida, ta ɗaura kallabi, ta zauna gaban manyan asibitin ta karanta musu abin da ya faru ba tare da ta zubar da hawaye ba. Ina gefe riƙe da jaririya. Sun amsa cewa an yi sakaci. Bayan mun fito ta ce mini ba ita kaɗai ba ce, likitocin ƙasar da kansu sun san baƙar mace ta fi farar mace shiga haɗari wajen haihuwa, ko da mai ilimi ce, ko da mai kuɗi ce. Yanzu ita da wasu mata 'yan Afirka sun haɗa kai, duk wadda za ta haihu sai ɗaya ta raka ta ta tsaya mata. Ni na haife ta, a Gombe ta yi firamare da sakandare, kuma duk inda na zauna ina faɗin wannan da ɗaga kai. Idan kin san da wannan magana ta ƙasarku, me ya hana ki faɗa mana a bita? Da mun ji ki da kunnen waɗanda ciwo ɗaya ya dame su.

Na uku. Ban ce mu a nan mun kuɓuta ba. Duk baƙaƙe ne mu, amma muna da namu ma'aunin. Bayan dawowata na raka matar ɗan wana, daga wata ruga bayan Kwadon, zuwa wani asibiti a cikin gari. Fulatanci kaɗai take ji sosai. Tana faɗin inda ke mata ciwo, aka ce ta yi wa mutane shiru, ai su Fulanin daji a bayan saniya ma haihuwa suke. Da na gyara mayafina na yi magana, aka ga leshi da agogo, nan take aka kawo mata gado. Ciwon bai canja ba, mai faɗinsa ne ya canja. Akwai ungozomomi da nas-nas masu tsoron Allah a garin nan, suna aiki ba safar hannu ba isasshen ruwa, na san su kuma ina girmama su. Amma wannan hali yana nan, kuma bitarku ba ta taɓa shi ba ko da kalma ɗaya.

Ga abin da nake roƙo. Ku cire kalmar jahilci daga takardar da kuke rabawa, matan da suka rufe shagunansu suka zo saurarenku ba su cancanci ta ba. Yadda kuka tara mu kuka koya mana yin magana, ku tara ma'aikatan asibiti ku koya musu saurare, domin maganar da ba a ji ba daidai take da shiru. Ku taimaka a sami mai jin Fulatanci da Tangale da Tera da Waja a ɗakunan haihuwa. Ku nemi a bar kowace mai naƙuda ta shiga da mace ɗaya tata. Kuma a taro na gaba, a bar mata su ba da labarin haihuwarsu da bakinsu kafin a haska mana majigi.

Ban raina aikinku ba. Kin baro ƙasarki da danginki kin zo cikin zafin Gombe domin matan da ba ki haɗa komai da su ba, Allah ya saka miki da alheri, ya tsare ki a hanya, ya sa duk wata mace taki da za ta durƙusa haihuwa ta sami mai jin ta tun kiran farko.

Jikata ta fara magana yanzu. Uwarta kan kira ni a waya tana ƙorafi wai yarinyar ba ta rufe baki, komai ta gani sai ta tanka, komai ya taɓa ta sai unguwa ta ji. Na ce mata ta bar mini ita haka nan, kada wanda ya kuskura ya gyara ta.

Wassalam.

Taki,
Wata uwa daga Barunde, Gombe.